Baitin Ƙarshe na Waƙar Rijiya

Najma, Doha
Juma'a, 6 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga taubashiyata Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Auta da yara. Yaya idon Gwaggo Ajaratu? Ki gaishe ta da kyau, kuma maganin ɗigawar da na aiko kada a ajiye shi inda rana take bugawa. Ni lafiya lau, sai ciwon bayan nan na zaman mota, shi ma da sauƙi.

Na san za ki ce me ya hana ni magana a waya kamar kowa. Kin san halina. In na buɗe baki magana watsewa take yi, in na riƙe biro sai ta tsaya wuri ɗaya. Don haka na rubuta, na ɗauki hoton takardar, ga ta nan.

Akwai wani Dakta Muhsin, mutumin Zariya, yana koyarwa a nan, yana zaune a unguwar Al-Sadd. Bayan sallar Juma'a ya gaya mana wata ƙungiyar marubuta tana tara waƙoƙin baƙi masu aiki a ƙasar nan, kowa da harshensa, za a buga su a littafi ɗaya da fassarar Larabci a gefe. Za a ƙaddamar da littafin a bakin teku cikin Fabrairu, kowane mai waƙa ya hau ya karanta tasa. Sharaɗin shi ne waƙar ta shafi ruwa. Shi ne yake tara na Hausa.

Na duba littattafaina na kullum guda tara, na sami waƙoƙi goma sha huɗu da na taɓa yi. Babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Sai na tuna taki, wadda kika yi bayan rasuwar Kaka Shetu, a kan rijiyar da ta sa aka tona da kuɗin man gyaɗarta amma unguwa take kira Rijiyar Malam Sayibu don shi ne mijin. Tun bara nake yi mata tahamisi a ɓoye, ina ɗora layi uku nawa a kan kowane layi biyu naki, a lokacin da nake jiran 'ya'yan kafil ɗina, maigidan da nake yi wa tuƙi, su taso daga makaranta. Duk baiti goma sha biyun na gama. Ga ɗaya ki gani, ukun farko nawa ne:

Hayaƙin murhu ya cinye ganinta,
Zafin tuya ya ƙone yatsunta,
Ba wanda ya ji ƙorafi a bakinta,
Gyaɗa ta soya, ta matse mai da hannunta,
Shekara bakwai tana tari don rijiya.

In kin yarda zan miƙa. In ba ki yarda ba, shi ke nan, ba zan ji haushi ba. Wataƙila ma ba za su karɓa ba.

Ɗan kawunki,
Dikko

Kankiya
15 ga Oktoba, 2023

Dikko direban Larabawa,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Idon Gwaggo yana nan yadda ka sani, tana gane mutum da murya. Ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana rubuta yawan lomar da ka ci a littafi. Na ce mata yanzu ka ci gaba, har atishawarka kana sa mata kwanan wata.

Ashe sata kake yi mini shekara guda ban sani ba! Na karanta baitin sau uku. Ba zan yabe ka ba, kada kanka ya kumbura ya hana ka shiga mota. Amma maganar yatsun nan ta sa na ajiye wayar na ɗan zauna. Ni na manta da tabon da ke babban yatsanta, kai ba ka manta ba.

Waƙa na ba ka, ɗan kawu. Ka yi yadda ka ga dama da ita, ai kayan taubashi ganima ne. Hularka nawa na ƙwace muna yara? Ka kai ta bakin tekun, Kaka Shetu ta sha iska. Ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba.

Sai dai kada ka hau gaban mutane da rigar nan taka mai ruwan ƙasa. Ka ari ta mutunci.

Uwar ɗakinka ko ka ƙi ko ka so,
Barira

Najma, Doha
Juma'a, 24 ga Nuwamba, 2023

Barira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Gwaggo da mutanen gida. Ki yi haƙuri da jinkiri. Iyalan kafil sun yi baƙi daga waje, mako uku ina tsakanin Ain Khaled da filin jirgi, kullum yalla yalla, wato maza maza.

An karɓi waƙar. Cikin na Hausa goma sha ɗaya da aka miƙa, uku aka ɗauka, tamu ce ta biyu. Dakta Muhsin da kansa ya fassara ta. Ya kira ni ranar Talata ya tambaye ni mene ne tunkuza, na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce shi ɗan birni ne, ƙuli-ƙuli kawai ya sani.

Akwai fom da aka ba mu. Layi ɗaya ne a wurin sunan mai waƙa, kuma dole a sa lambar katin zama na ƙasar nan. Na sa nawa. Zan yi wa Dakta cikakken bayani in mun zauna. Sannan shafi biyu aka ba kowa, don haka an ɗan rage tsawonta.

Ban san ko zan iya tsayawa gaban jama'a ba. Jiya na gwada karantawa a ɗaki, Muttaka, abokin kwanana mai aikin gadi, ya ce muryata kamar ta mai neman bashi. Ina gwadawa kullum sau biyu, minti huɗu da 'yan daƙiƙu take ɗauka, minti biyar aka ba mu.

Dikko

Kankiya
10 ga Disamba, 2023

Malam mai agogo,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Na yi guɗa har Malam Auta ya leƙo ya ga ko haihuwa aka yi.

Fom kuwa matsalarsu ce, su sa sunan wanda suka ga dama a takardar ofis. Ni sunana yana inda mai waƙa yake sa sunansa tun kaka da kakanni, a baitin ƙarshe. Wanda ya karanta har ƙasa zai same ni zaune ina jiransa. In ragewa za a yi, a rage daga surutunka na tsakiya, ka san kana da ja.

Na gaya wa matan da nake koyarwa a makarantar matan aure. Sun ce ranar da littafin ya iso sai an yi walima. Gwaggo kuwa ta fi kowa ɗoki. Kullum sai ta ce, "Wai da gaske har da sunana a littafin Larabawa?" In ce mata, "Har da shi, Inna, Barira ta Ajaratu." Sai ta yi ta murmushi ita kaɗai. Ka san tun da idon ya tafi ba abin da ya faranta mata rai haka.

Ka ba ni labarin tekun. Da gaske ba a hango ƙarshensa? Kuma in kana rawar murya, ka kalli ruwan, kada ka kalli mutane.

Mai hularka har gobe,
Barira

Kankiya
20 ga Fabrairu, 2024

Dikko,

Sallama. Lafiya dai? Kusan wata uku ba takarda. Na ga alamar kana buɗe saƙona, amma shiru. Na san an yi bikin ranar tara ga wata, don kai ka rubuta mini ranar a waya tun tuni. Ko dai ka zama babban mutum ne, yanzu sai da sakatare ake ganinka? Ko ka faɗa tekun? In ka faɗa, ka aiko da littafin tukuna.

Gwaggo tana tambaya.

Barira

Najma, Doha
Juma'a, 23 ga Fabrairu, 2024

Barira,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ki yafe mini shirun. Na fara rubuto miki sau huɗu ina yagewa. Ki gaishe da Gwaggo.

An yi biki. Kafil ya ba ni rabin yini, na ari babbar riga shuɗiya wurin Muttaka, kin ga na ji maganarki. An kafa dandamali a kan rairayi, bayansa ruwa, ga jiragen katako suna wucewa a hankali. Bayan la'asar aka fara. An jera kujeru kamar ɗari uku, kusan duk sun cika. Mutanen Najma sun zo su goma sha bakwai, wasu da kayan aikinsu a jiki don daga nan za su wuce gadi. An ɗora littattafan a kan tebur an rufe da farin ƙyalle, wani dattijo ya yaye, aka tafa.

Wani ɗan Nepal mai aikin gini ya karanta tasa a kan kogin garinsu, ya kasa ƙarasawa don kuka. Wata 'yar Kenya ta rera tata da waƙa. Ni ne na tara. Iska tana ta kaɗa takardar, sai na riƙe ta da hannu biyu. Na kalli ruwan kamar yadda kika ce. Gaskiya ne, ba a hango ƙarshensa. Da na fara da baitin farko, na iso layukanki,

Ku masu jan guga tun da safiya,
Kun san wadda ta sa aka tona rijiya?

sai wani daga cikin mutanenmu ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Faɗa mana, Malam!" Daga nan rawar muryar ta tafi. An ambaci sunan Shetu sau biyar a lasifika, sannan sau biyar da Larabci. An tafa sosai.

Muttaka zai tafi hutu ranar Lahadi, zai biyo ta Kankiya ya kawo miki littafi ɗaya. Waƙar tana shafi na arba'in da shida da na arba'in da bakwai. Ina roƙonki abu ɗaya: ki buɗe shi ke kaɗai tukuna, kafin kowa ya gani. Akwai maganar da nake son mu yi bayan kin gani.

Dikko

Kankiya
7 ga Maris, 2024

Zuwa ga Malam Dikko Mijinyawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kana lafiya, da fatan aiki yana tafiya daidai. Mu nan lafiya. Malam Muttaka ya kawo saƙo jiya Laraba, mun gode, Allah ya saka.

Da ka ce in buɗe ni kaɗai, na ɗauka kunyar nan taka ce, ko an sa hotonka ka fito da baki buɗe. Dariya na yi. Littafin ya iso ana tsakiyar karatu a tsakar gidan Inna, Gwaggonka, mata sun kai talatin. Ban ko cire shi daga leda ba suka fara guɗa. Aka aika aka sayo zoɓo da cincin. Aka fito da Inna aka zaunar da ita a kan kujera a tsakiya.

Na ba Na'ima ta karanta, don ta fi su murya. Ta karanta da kyau. Wajen yatsun nan Inna ta share hawaye. Na'ima ta kai baiti na goma sha ɗaya, ta juya shafi, sai ga waƙar wani mutum da wani irin rubutu. Ta juyo baya, ta sake juyawa. Ta ce, "Malama, ta ƙare."

Khadijat, wadda ba ta iya riƙe magana, ta karɓa ta duba sama ta ce, "Dikko Mijinyawa. To, Malama, ina naki?" Na ce yana ɓangaren Larabcin. Na manta ni na koya musu baƙaƙen Larabci. Suka sunkuya su uku suna bi da yatsa har ƙasa, ba su samu ba. Suka miƙo mini littafin.

Inna ba ta gane abin da ake ciki ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Barira, ɗora mini yatsana a kan sunana." Na kama yatsanta na ɗora a kan kalmar guga. Ta shafa wurin ta ce, "Allah ya yi wa Dikko albarka." Matan suka ce amin, kowa tana kallon ƙasa.

Ba a rage komai daga tsakiya ba, na ƙirga. Baiti ɗaya ne babu.

Shekara arba'in ana kiran rijiyar Kaka da sunan wanda bai ɗauki ko kwandon ƙasa ɗaya ba, shi ya sa na yi waƙar. Kai ka fi kowa sani.

Ina yi maka fatan alheri a azumin da ke tafe.

Barira Auta

Najma, Doha
Juma'a, 19 ga Afrilu, 2024

Barira,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya karɓi ibadunmu. Ina gaishe da Gwaggo, in har gaisuwata tana da sauran daraja. Na aiko miki da gaisuwar azumi da ta sallah, kin amsa da "amin, na gode." Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi. Tun muna yara ba ki taɓa ce mini Malam ba sai da dariya a bayansa.

Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, na duba littafina don kada in yi wa kaina sassauci.

Ranar 20 ga Oktoba aka ba ni fom. Na ga layi ɗaya, na ga maganar katin zama. Na ji tsoron in aka san asalin waƙar ta wadda ba ta ƙasar nan ce za a mayar mini da ita. Ban tambayi kowa ba. Da na zo kwafe waƙar a takarda mai kyau, na tsaya a baiti na goma sha ɗaya. Ba wanda ya ce in rage. Shafi biyun za su ɗauki sha biyun har da saura. Da na rubuta miki "an rage," ƙarya na yi da kalma ɗaya. Ni na rage. A daren na rubuta a littafina: "Barira ta ce in yi yadda na ga dama." Na jingina da wannan layin naki wata huɗu, alhali na san ba abin da kike nufi ke nan ba.

Sau shida na rubuta "gobe zan gaya wa Dakta." Na ga Dakta a cikin kwanakin nan sau huɗu. Duk lokacin da na buɗe baki sai ya riga ni da yabo, ya ce bai san akwai irina a cikin direbobi ba. Shekara tara ina ƙasar nan ana kirana da "ya sawwag," wato kai direba. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake rubutawa a mota. Na ji daɗin yabon, Barira. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan.

Ranar biki na shirya gyarawa. Na rubuta baitin a 'yar takarda na sa a aljihun riga, na ce ko babu shi a littafi zan faɗe shi a lasifika kowa ya ji. Na gama na goma sha ɗaya, na ɗan tsaya don in ciro takardar, sai suka ɗauka na gama, suka fara tafi. Mai kula da lokaci bai ɗaga hannu ba, ina da sauran kusan minti ɗaya, na duba agogo. Hannuna yana cikin aljihu a kan takardar. Da na ɗaga ɗaya hannun da sun yi shiru. Sai na sunkuyar da kai na ce na gode, na sauka.

Bayan an tashi wata likita 'yar Kano, Dakta Ikhlas, ta same ni wajen teburin shayi. Ta ce, "Malam, waƙarka ta yi kyau. Amma ka san wani abu? Layi biyun ƙarshe na kowane baiti su ne suke kama mutum. Kamar a nan kake sakin jikinka." Na ce mata na gode.

Bayan takardarki ta iso na je Al-Sadd na sami Dakta Muhsin a gida, na ba shi baitin. Ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Haba, Malam Dikko! Tahamisi ne? Ni na ɗauka ƙwar biyar ce kawai, mai layi biyar-biyar. Ai mutanen nan su suka san tahamisi tun kafin mu. Da ka faɗa, da sai a rubuta tahamisin wane a kan waƙar wance, khalas, shi ke nan. Katin naka ya isa. Wallahi da sun fi son ta a haka, da wataƙila ita za su sa a farkon littafi." Ya ce an buga ɗari huɗu, an raba, kuma bai ga alamar za a sake bugawa ba. Ya ce zai rubuta wa ƙungiyar su gyara a takardunsu. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai raka ni ƙofa bai ce in gaida gida ba.

Ashe ƙofar da na ji tsoro a buɗe take. Ko taɓa ta ban yi ba.

Tun daga ranar nake bin waɗanda na san suna da littafin, ɗaki ɗaki a Najma, ina roƙo su ba ni in rubuta baitin da biro a ƙasan shafi na arba'in da bakwai. Na sami ashirin da uku. Wasu suna dariya, wasu suna tambaya, ina gaya musu gaskiya. Ga abin da nake rubutawa, ba ki taɓa ganin ukun da na ɗora a kansa ba:

Ni Dikko uku-uku na ɗora a kanta,
Waƙar da tushe, ba ni ne na kafa ta,
Ku ji mai ita, kar a ɓoye sunanta,
Barira ta Ajaratu ce ta tsara ta,
Jikar Shetu, Allah ji ƙan mai rijiya.

Da hannuna na rubuta "kar a ɓoye sunanta," tun bara.

Ban san me zan roƙa ba. In kin ce in kira Gwaggo in gaya mata da bakina, zan kira. In kin ce in rubuto wa matan makarantarku takarda a karanta musu, zan rubuta. Hutuna yana cikin Agusta.

Ɗan kawunki,
Dikko

Kankiya
12 ga Mayu, 2024

Malam Dikko,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. An fara yayyafi, Malam Auta yana gyaran gona. Inna ta yi zazzaɓi bayan sallah amma ta warware.

Na karanta takardarka. Na daɗe ban amsa ba don ina jiran in ji ko zan iya yi maka tsiya kamar da. Na ɗauki biro sau da yawa in rubuta "direban Larabawa," hannun ya ƙi. Ba fushi ba ne yanzu. Na yafe maka tun cikin goman ƙarshe na azumi, tsakanina da Allah. Wasan ne bai dawo ba, kuma ba a kiransa da dole.

Ka ce ka jingina da maganata. To, ka tuna yadda ake yi. Duk hular da na taɓa ƙwace maka, a gaban idonka na ƙwace, kana bina da gudu, gida duk ana dariya. Taubashi a fili yake ƙwace. Wanda ya jira ka juya baya, wani suna gare shi.

Kada ka rubuto wa matan makaranta komai. Na riga na gaya musu yadda aka yi, ban ƙara ban rage ba. Na'ima ta haddace baitin, yanzu in suna rera waƙar da shi suke rufewa. Ukun naka ma na ba su, don sun yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba. Yawon ɗaki ɗaki da biro kuwa, in yana sanyaya maka rai ka ci gaba. Ni ba ya ƙara mini komai.

Inna kuma kada ka kuskura ka kira ta da wannan magana. Littafin yana ƙarƙashin matashinta. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ciro, ta lalubi shafin, don ta naɗe kusurwarsa, ta ɗora yatsa ta ce, "Ga ni nan." Wurin har ya fara yin duhu don shafa. Masu iya karatu suna dubawa su ce ma sha Allah. Har yau ba wanda ya tona, unguwa guda tana rufa maka asiri saboda ita.

Abin da nake so shi ne wannan. Ta ce in ka zo cikin Agusta kai za ka karanta mata da bakinka, yadda ka yi wa Larabawa. Za ka zauna a gabanta, ka buɗe littafin, ka karanta tun daga farko. In ka kai ƙarshen na goma sha ɗaya ba wanda zai tafa maka a nan. Ka ci gaba, idonka a kan takarda, ka karanta mata abin da babu. Ni zan zauna a bakin ƙofa ina ji.

Ka tambaye ni a saƙon waya ko na yi wata sabuwa. Na yi, a kan farkon damina. Tana kaina, ban rubuta ta ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Barira ta Ajaratu, jikar Shetu